Ranar da Na Sauko Daga Dutse Ni Kaɗai

Yara, ku matso kusa. Yau zan ba ku labarin zalunci mafi girma da aka taɓa yi wa wani mutum a garin Karakol. Kai, a duk ƙasar Kirgistan ma. Ni aka yi wa. Ni, Esenkul mai aski, wanda gashin bakinsa ba shi da na biyu daga bakin tafki har gindin duwatsu.

Me aka yi mini? An ba ni falmaran. Falmaran mai ruwan lemo, mai kashe ido, irin na masu gyaran titi. Aka ce in ɗora shi a kan farar kwat ɗina. Sabuwar kwat fa! Wadda na yi wata uku ina zagayarta a kasuwa kafin in saya. Ku faɗa mini, wane laifi na yi wa duniya?

Bari in faro muku daga farko.

Wata rana Malama Cholpon ta kawo ɗanta aski shagona. Ita ce shugabar ƙungiyar 'yan sa-kai da ke kai yara masu nakasa kan dutse duk ranar Asabar, su koyi zamiya a kan dusar ƙanƙara. Wasu yaran a kujerar zamiya suke zama, a riƙe su ta baya. Wasu ƙafa ɗaya gare su. Wasu kuma ba sa gani sosai.

Ina aski ina ba ta labari. "Malama, ni da kike gani, na taɓa zuwa na uku a babban tseren zamiya."

Matata Burul tana share shago. Ta ce, "Su huɗu ne suka yi tseren. Na huɗun katakon zamiyarsa ne ya karye."

Malama ta yi dariya. Ta ce, "Ko na huɗun ne ma muna so. Ka zo ranar Asabar, muna neman 'yan jagora."

Haka na shiga. Haka kuma aka miƙo mini wannan falmaran.

Yarinyar da aka haɗa ni da ita sunanta Akilai. Shekararta tara. Tana sanye da tabarau mai kauri. Ko da shi, ba ta gani sai abu mai launi mai ƙarfi, shi ma in yana kusa. Sauran duniya kamar hazo take a wurinta.

Ranar farko ta ɗaga kai ta ce, "Kai ne Kawu Esen?"

"Ni ne. Mafi kyau a cikin 'yan jagora."

"Ban ga kyan ba," in ji ta. "Lemo kawai nake gani, ƙato, yana magana."

Kun ji fa! Yarinya 'yar shekara tara!

Malama Cholpon ta koya mini aikin. Ta ce, "Abu uku ne, Malam Esen. Na ɗaya, falmaran. Shi take bi. Na biyu, murya. Kana gabanta da taku huɗu, bakinka ba ya shiru. Na uku, waiwaye. Ka riƙa juyowa kana dubanta. In ka bar ɗaya, ka bar ta ita kaɗai a kan dutse."

"Falmaran ɗin nan babu wani launi? Ko shuɗi mai duhu?"

"Babu."

"Ko in sa shi a ƙarƙashin kwat?"

"Malam Esen!"

Mako shida muka yi a ƙaramin gangare. Ina gaba ina ihu: "Ga ni, ga ni, ga ni! Dama! Ga ni, ga ni! Hagu! Tsaya!" Tana biye da ni. Da farko faɗuwa take kamar buhun dankali. Daga baya ta daina. Ta fara juyawa da kanta. Ta fara cewa, "Kawu, ƙara gudu mana! Tafiya kake kamar tsohuwar akuya!"

Ba na son in yabi kowa, amma yarinyar ta iya. Tana jin laushin ƙanƙara da ƙafafunta. Kafin in ce mata akwai santsi, ta riga ta sani.

Sai Malama ta ce lokaci ya yi. Asabar mai zuwa Akilai za ta sauko daga dogon gangare a karo na farko. In ta sauko lafiya, za ta shiga bikin zamiyar yara na ƙarshen sanyi. Abin da Akilai ke so ke nan fiye da komai.

Matsalar ita ce mahaifinta, Malam Mederbek mai kiwon zuma. Tun farko bai so wannan wasa ba. Bai taɓa zuwa kan dutsen ba, motar ƙungiya ce ke ɗauko ta. Amma ran nan ya zo da kansa. Ya tsaya a gindin gangare, ya kama hannuna ya matse.

Ya ce, "Malam Esen, ita kaɗai gare ni. In ta ɓace ko ta ji ciwo sau ɗaya, an gama. Ba za ta sake taka nan ba."

Na shafa gashin bakina. "Ka kwantar da hankalinka. Tana hannun gwani."

Muka hau kujerun da igiya ke ja zuwa sama. Akilai ta kasa zama wuri ɗaya. Sai kaɗa ƙafa take.

"Kawu, Baba yana kallo?"

"Yana kallo."

"Zai gan ni tun daga sama?"

"Zai gan ki. Daina motsi, kar mu faɗa."

Muna isa sama, sai idona ya faɗa kan wani mutum can ƙasa kaɗan, wajen kwanar farko. Yana riƙe da ƙatuwar na'urar ɗaukar hoto. Aka ce daga jaridar gari yake.

Jarida! Duk Karakol za ta gan ni. Masu zuwa aski za su gan ni. Surukata za ta gan ni. A cikin me? A cikin falmaran masu gyaran titi!

Na duba hagu, na duba dama. Malama Cholpon tana can ƙasa da wani yaro mai kujerar zamiya. Sai na hangi Tsoho Sagin. Shi ke kai wa ma'aikatan dutse shayi da borsok, 'yan soyayyen fulawar nan, a kan amalankensa mai zamiya. Yana zaune a kai yana hura hannuwansa.

Wata dabara ta zo mini. A lokacin na ɗauka dabara ce mai kyau ƙwarai.

"Akilai, tsaya nan. Bari in gyara takalmina."

Na zagaya bayanta. Na cire falmaran. Na je wurin tsohon, na ɗaga murya kaɗan domin kunnensa ya yi nauyi.

"Kaka, sanyi zai kashe ka! Ungo, ɗora wannan."

"Kai, ɗana, Allah ya yi maka albarka," in ji shi. "Irinku sun yi ƙaranci."

Na ji daɗin wannan yabo. Na ce a raina: minti biyar ne kawai. Ai tana jin muryata. Me zai faru?

Na gyara farar kwat ɗina. Na gyara farar hulata. Na zamo gabanta na ce, "Ga ni! Mu tafi!"

Abin da ban lura da shi ba, daidai lokacin nan Tsoho Sagin ma ya tura amalankensa. Da farko hanyarmu ɗaya ce. Can gaba kaɗan ta rabu biyu. Babbar hanya ta yi dama. Wata 'yar siririya ta yi hagu, zuwa bukkar ma'aikata.

Na yi dama. Na ce, "Dama!" Na faɗa, wallahi na faɗa. Sai dai ban juyo na faɗa mata ba. Mai hoto na faɗa wa. Ga lasifika tana ta kiɗa, ga iska. Ban kuma waiwaya ba, domin ɓangaren hagu na fuskata ya fi kyau a hoto.

Yara, da kun ga saukowar nan! Na lanƙwasa kamar tsuntsu. Ƙanƙara na tashi a bayana. Ina ta ihu, "Ga ni, ga ni! Hagu! Dama! Madalla, yarinya, haka nake so!" Na iso ƙasa, na tsaya cak, na ɗaga hannuwa sama.

Babu wanda ya tafa.

Malam Mederbek ya zo gabana. Fuskarsa ta canza.

"Ina 'yata?"

Na juya. Babu kowa a bayana. Farin dutse ne kawai, tun daga sama har ƙasa.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba. Sai na tuna amalanke. Na tuna falmaran. Na cire katakon zamiya na kama hawa da ƙafa. Ina nutsewa har gwiwa. Hulata ta faɗi, ban ɗauka ba. Malam Mederbek yana biye da ni can baya, yana kiran sunanta.

Ni na fara isa bukkar. Ga Akilai zaune a cikin tarin ƙanƙara mai laushi. Ga borsok warwatse ko'ina. Tabaraunta ya faɗi, tana laluben sa da hannu.

Tsoho Sagin ya ce, "Ɗana, ni dai na tsaya ne kawai, sai na ji abu ya daki amalanke ta baya. Ashe yarinya ce!"

"Akilai! Kin ji ciwo?"

"A'a, Kawu. Tabarauna ne ban gani ba."

Na hango shi kusa da ƙafata. Na ɗauka. To, a nan ne na yi abin da ya fi na farko muni. Ban ba ta nan take ba. Na juya wurin tsohon na ce, "Kaka, ba ni rigar nan, sanyi ya kama ni." Na karɓa, na sa, na ɗaure. Sannan na goge tabaraun na sa mata.

Ta ɗago kai. Ta ga ƙaton lemonta a gabanta.

Mahaifinta ya iso yana haki. Ya rungume ta. Tsoro bai bar shi ya lura da abin da ke jikina ba, ko a ƙasa ko a nan. Malama Cholpon ma ta iso. Tsoho Sagin kuwa ya tafi tsintar borsok ɗinsa.

Malama ta ce, "Me ya faru?"

Na ce, "Na kira dama. Ta yi hagu."

Ba ƙarya na yi ba, ko? Ai na kira dama.

"Akilai, me ya sa?"

"Na ga lemo a hagu, Malama. Na gan shi sosai. Na bi shi."

"Ni kuwa ina dama," in ji ni.

Akilai ta taɓa tabaraunta. Sai ta ce a hankali, "To idona ne. Likita ya ce wata rana zai iya ƙaruwa. Ya fara nuna mini abin da babu."

Malama ta dube ni. Na duƙa ina gyara takalmin da babu abin da ya same shi.

Malam Mederbek ya ɗauki 'yarsa. Ya ce, "An gama. Na gode muku duka." Suka tafi.

Wannan mako ban san inda zan sa kaina ba. In na zauna, sai in tashi. In na tashi, sai in zauna. Na share shago sau huɗu a rana ɗaya. Ranar Litinin wani direba ya zo gyaran gashin baki, na aske masa rabi.

"Esen! Ka haukace ne? Da wace fuska zan koma gida?"

"Sabon yayi ne."

"Yayin ƙaniyarka! Aske ɗaya ɓangaren in tafi!"

Jarida nake tsoro. In hoton ya fito, kowa zai gan ni cikin farar kwat, babu falmaran, babu yarinya. Ranar Laraba na fita da sassafe na saya. Na buɗe nan take.

Hoton yaron nan ne mai kujerar zamiya, yana dariya. Ni ko hulata ba a sa ba.

Da farko na ji haushi. Duk wannan lanƙwasa a banza! Daga baya na ce, to, shi ke nan, na tsira. Babu wanda zai sani har abada.

Amma na kasa cin abincin rana. Burul ta ajiye mini taliya mai yaji, wadda na fi so. Na yi ta juya cokali.

Ta ce, "Sarkin madubi, lafiya? Kwana huɗu ban ga ka tsaya kana kallon kanka ba."

"Lafiya lau."

"Ƙarya kake. Shekara ashirin da biyu ina zaune da kai."

Ranar Alhamis Malama Cholpon ta leƙo shago. Ba aski ta kawo ba. Ta tsaya a bakin ƙofa.

Ta ce, "Na je gidan su Akilai. Tun Litinin ba ta je makaranta ba. Ko tsakar gida ba ta yarda ta taka ita kaɗai, sai an riƙe mata hannu. Ta ce ba ta yarda da idonta ba kuma. Jibi mahaifinta zai kai ta asibiti a Bishkek, babban birni."

"Allah ya sauwaƙe," in ji ni.

"Amin. Na ce dai in gaya maka, tunda kai ne jagoranta."

Ta tafi. Na tsaya da almakashi a hannu. Yarinyar da ke ce mini tsohuwar akuya, yanzu tana tsoron tsakar gidansu.

Na shiga ciki na gaya wa Burul komai. Tun daga mai hoto har zuwa tabarau. Na yi zaton za ta yi faɗa. Ba ta yi ba. Ta ɗauko takalmana ta ajiye a gabana.

"Sa."

"Yanzu? Ba gobe ba? Ai akwai masu jiran aski."

"Babu kowa. Duk gari ya ji labarin direba. Sa!"

Gidan Malam Mederbek yana ƙarshen gari, bayan bishiyoyin tuffa. Na yi sallama. Ya shigar da ni, ya zuba mini shayi, ya turo mini zuma. Wannan karamci ya ƙara mini nauyi. Akilai tana zaune kusa da murhu, ta rungume gwiwoyinta.

"Kawu Esen ne?"

"Ni ne."

"Ka yi haƙuri na ɓata maka saukowa."

Kai! Gara da ta jefe ni da butar shayi.

Na ajiye kofi. Na ce, "Akilai, idonki bai yi miki ƙarya ba. Lemon da kika gani a hagu, yana hagu. Na cire falmaran na ba Tsoho Sagin. Shi kika bi. Ni ina dama cikin farar kwat, a kan farar ƙanƙara. Babu yadda za a yi ki gan ni."

Akilai ta ɗago kai.

"Amma da ka sa mini tabarau, na gan shi a jikinka."

"Na karɓe ne kafin in ba ki."

"Me ya sa ka cire?"

Na duba ƙasa. "Don in yi kyau a hoto."

Malam Mederbek ya miƙe tsaye. Ban san dogo ba ne haka sai ran nan.

"Na kama hannunka, Esen. Na ce maka ita kaɗai gare ni. Kwana biyar yarinyar nan tana kuka, kai kana can kana aski!"

"Askin ma ba ya yiwuwa," in ji ni. "Laifina ne, Malam Mederbek. Ba ni da abin cewa."

Sai muka ji dariya. Akilai ce. Ta miƙe tsaye ba tare da ta riƙe kowa ba.

"Baba! Ashe idona lafiya lau! Na ga lemo, kuma da gaske lemo ne! Na bi shi tun daga sama har bukka ban faɗi ba! Babu wanda ke kira mini hagu da dama! Baba, ka ji?"

Ta juyo wajena, dariyar ta ɗauke. "Kai kuma, Kawu, ba ka kyauta ba. Ko kaɗan."

"Na sani."

"Baba, zan koma ranar Asabar?"

"Ki koma wa? Wurin mutanen da ke cire riga saboda hoto?"

"Mutum ɗaya ne ya cire," in ji ni. "Sauran ba su taɓa yi ba. Kada ka hana ta saboda ni. A ba ta wani jagora. Ni in an ce in bar dutsen, zan bari."

Malam Mederbek ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Ka taɓa saukowa ido rufe?"

"Ni? A'a."

"To ranar Asabar za ka yi, ina tsaye. In na ga yadda abin yake da idona, sai in yanke shawara."

Daga can na wuce gidan Malama Cholpon. Na sake faɗin komai. Ta ce, "Na yi zargin haka. Jira nake in ga ko za ka zo da ƙafarka." Ta ƙara da cewa rufe ido ba sabon abu ba ne, duk jagora na ƙwarai yakan gwada. Ranar da aka yi wa sauran, wai ni na ce ina da mura.

Asabar ta zo. Aka kai ni ƙaramin gangare, inda 'yan shekara huɗu ke koyo. Malama ta ɗaure mini ido da baƙin ɗankwali. Ita za ta bi ta gefena. Akilai kuma za ta tsaya a ƙasa da mahaifinta. Malama ta ce su saurara.

Yara, kun san gangaren nan. Ko kaza za ta sauko shi. Amma da aka rufe mini ido, sai ya zama kamar bakin rami. Ban san sama ba, ban san ƙasa ba.

"Ga ni, ga ni," in ji Malama. "Taho."

Na taho. Muddin ina jin muryarta, ina numfashi. Sai ta yi shiru da gangan. Na ƙirga ɗaya, biyu, uku. Babu murya.

"Malama? Malama! Kina ina? Kada ki bar ni!"

Tim! Na faɗi. Yara suka kwashe da dariya.

"Daƙiƙa uku ke nan kawai," in ji Malama. "Ita minti nawa ka bar ta?"

Na tashi. Na sake faɗuwa. Sau huɗu na faɗi. Ƙanƙara ta shiga hancina, ta shiga wuyana. Can sai na ji wata 'yar murya daga ƙasa.

"Kawu! Daina sanƙarewa! Lanƙwasa gwiwa! Ji ƙasa da ƙafarka! Ga ni, ga ni, ga ni!"

Na bi muryar. Na lanƙwasa gwiwa. A hankali, a hankali, har na ji wani hannu ya dafa ƙirjina. Na kwance ɗankwali. Malam Mederbek ne.

Ba ni yake kallo ba. 'Yarsa yake kallo.

"Wannan abin kike yi duk Asabar?"

"Wannan ai na jarirai ne, Baba."

Ya shafa kanta. Sannan ya ce, "Je ki hau dogon. Ina nan ƙasa."

Malama ta ce, "Akilai, akwai 'yan jagora uku yau. Zaɓi wanda kike so."

Na fara ja da baya. Na san ba ni ba ne.

"Kawu Esen," in ji ta.

Mahaifinta ya ce, "Shi? Bayan duk wannan?"

"Baba, muryarsa ta fi ta kowa ƙarfi a dutsen nan. Kamar jaki yake. Kuma yanzu ya san yadda abin yake." Ta nuna ni da sandar zamiyarta. "Amma Malama ta biyo mu a baya. In ya yi shiru, ta dake shi."

"Da hannu biyu," in ji Malama.

Muka hau. Muka tsaya a sama. Na ce, "Kina ganina?"

"Ina ganinka."

"Mu tafi! Ga ni, ga ni, ga ni!"

Na yi ihu har maƙogwarona ya bushe. Na waiwaya har wuyana ya yi ciwo. Da muka zo inda hanya ta rabu, na juyo gaba ɗaya na ce, "Dama!" Ta yi dama. Ta biyo ni kwana bayan kwana, ko tangaɗi ba ta yi ba.

Muna isa ƙasa, Malam Mederbek ya ɗaga ta sama, da katakon zamiya da komai. Yana dariya, hawaye na zuba. Bayan mako uku Akilai ta shiga bikin yara. Mahaifinta ne ya fi kowa ihu a wurin, har ya fi ni.

To, yara, na ce muku an zalunce ni. Na sake tunani. Babu wanda ya zalunce ni. Ba Malama ba, ba mai hoto ba, ba Tsoho Sagin ba. Ni na haddasa komai, da hannuna, tun daga farko har ƙarshe.

Ga abin da nake so ku riƙe. In wani ya dogara da ku, kada ku sake shi don a yaba muku, ko na minti ɗaya ne. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa da wuri. Ni na yi shiru kwana biyar, kuma duk kwanakin nan wata yarinya ce ta ɗauki laifin da nawa ne.